Sabo da sabo: me ya sa wani maimaicin yake gundura, wani kuma ba a gajiya da shi?

Ɗan Mabera:

Salamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai warware min.

Gidanmu talabijin ɗaya ce a falo, kuma kun san halin wuta a garin nan balle yanzu da zafi ya kankama, da an kawo ta sai rige-rigen rimot. Inna fim ɗin Hausa mai dogon zango take so, maiɗakina kuma na Indiya mai fassara, ni kuwa in na zauna minti goma sai in fara gaya musu abin da zai faru a gaba. Jiya na ce wa maiɗakina wallahi yarinyar nan mai talla da kike ta tausayi ɗiyar attajirin nan ce, sace ta aka yi tana jaririya, zuba ido ki gani. Ba a je ko'ina ba sai ga shi. Na ce to ku dai ba ku gajiya ne, labari ɗaya ake ta sake wa riga kuna zaune kuna share hawaye?

Sai ta juyo ta ce, kai da ka shekara bakwai kana shan shayi wurin mutum ɗaya, kan benci ɗaya, gefe ɗaya, kuma memorin da ke motarka waƙoƙin nan ne dai tun ina amarya har yara sun haddace su, kai ne za ka yi wa wani gorin maimaici? Inna na gefe tana dariya har da tafa hannu.

Na rasa ta cewa don gaskiya ta faɗa. Kuma ni a raina ban taɓa jin waƙoƙin sun ishe ni ba, amma fim ɗin nan kashi biyu na kalla na ji kamar in fita waje. To mene ne bambancin? Son kai ne kawai, nawa daɗi na wani gundura, ko akwai wani abu a ciki?

Na Gidan Igwai:

hhhh wallahi da na ga kan maganar na dauka sabo na zunubi ake nufi, wayata ba ta da masu lankwasa, har na gyara zama zan sha wa'azi. Madam ta gama da kai malam, ka ba da rimot kawai a zauna lafiya.

Tsohon Malamin Firamare:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta yi min daɗi, kuma amsarta tana cikin memorin nan naka da anka yi maka gori da shi.

Mu da munka taso muna jin makaɗan fada irin su Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Ɗankwairo da Allah ya yi wa rasuwa a 1991, mun san kowace waƙa tana da gindi tana da ɗiya. Gindin shi ne abin da 'yan amshi ke ta maimaitawa, ba ya canzawa daga farko har ƙarshe, ko sau talatin za a dawo kanshi. Ɗiyan kuwa su ne makaɗin ke sakowa tsakani, nan ya yi kirari, nan ya yi zambo, nan ya yi habaici ga wani ɗan sarki da ba a faɗi sunanshi ba amma duk fada an san da wa ake. Kai mai saurare gindin ne ke riƙe da kai, shi ne wurin da kake sauke numfashi har ka amsa tare da su, amma kunnenka ɗan da ke tafe yake jira. A cire gindin waƙa ta watse, ba ka san inda za ka kama ba. A bar gindi kaɗai babu ɗiya, minti biyu ka kashe rediyo.

Ka lura da Shata ma, wanda ya rasu a 1999. Waƙa ɗaya zai yi ta wurin wani biki, ya sake yin ta wani gari, amshi ɗaya, kalangu ɗaya, amma ɗiyan sun bambanta don mutanen da ke gabanshi sun bambanta. Shi ya sa masu tara kaset ke neman kowace, ba su cewa ai muna da ita.

To fim ɗin da ya gundure ka, matsalarshi ba maimaici ba ne. Ɗiyan ne sunka zama gindi. Wurin da ya kamata a ba ka abin da ba ka zata ba, nan ma abin da ka sani anka ba ka.

Sai dai kada ka yi wa Innarka dariya. Ka tuna tatsuniya. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, mun san Gizo zai yi ha'inci, mun san asirinshi zai tonu, kuma in kaka ta kuskura ta sauya wani wuri mu ne za mu ce a'a ba haka take ba. Ba ƙarshen muke jira ba, yadda za ta maƙe murya ta yi tsamin bakin Gizo muke jira. Wataƙila ita ma Inna ba labarin take kallo ba, fuskokin da ta saba da su take gaisawa da su.

Maman Biyu, Arkilla:

Baba Malam Allah ya ƙara girma, ka faɗi ta. Amma bari in ƙara da ɓangaren mata don ɗan'uwa Ɗan Mabera bai san abin da ake ciki ba.

Ku maza in kun zauna kallo, kallon kawai kuke yi. Ni kuwa fim na tafiya ina gyaran shinkafa ina goyo ina leƙa miya, yaro na kuka a tsakar gida. Fim ɗin da na san inda ya dosa shi ne nawa, da kunne ma ina bin sa, in na fita na dawo ban yi asarar komai ba. An taɓa tura min wani na Koriya mai rubutu a ƙasa, kowa na yabo, ni kuwa na ɗauke ido na juya ƙosai na dawo na tarar an kashe mutum biyu ban san dalili ba. Na goge shi.

Maganar abinci kuma kada ma a fara. Abban yara ya dame ni da cewa kullum tuwo kullum tuwo, matan mutane suna koyon girki a waya. Na ce to. Na sa data na zauna a TikTok, na je kasuwa na kashe kuɗin cefanen kwana uku a kan wata taliya mai madara da cuku da wani ganye da sai da na zaga kafin na samu. Ya ci ya ce ma sha Allah an ci gaba. Ƙarfe goma na dare ina jin motsi a kicin, na leƙa na gan shi tsugune da fitilar waya yana buɗe kwanuka, wai ko akwai sauran tuwon jiya a ɗumama masa da miyar sure. Tun ranar na gane, tuwon ba a taɓa shi, miya ake juyawa. Yau kuka, gobe sure, jibi kuɓewa ɗanya, ran Juma'a a ɗan sa kai da ƙafa in aljihu ya yarda, shi ke nan ba ka ƙara jin ƙorafi.

Kuma ina lura da ku, duk namijin da ya fara wa'azin a riƙa sabunta abubuwa a gida, a bincike shi da kyau, ba a miya maganar ke tsayawa ba.

Mai Tura Finafinai:

Ni sana'ata ke nan, shago gare ni ina tura wa mutane a waya da memori, don haka abin da zan faɗa gani ne ba ji ba. Kowa ya shigo kalma ɗaya ce, akwai sabo? Amma ka nuna masa sabon gaske, wanda bai san ko fuska ɗaya a ciki ba, sai ya ɓata rai ya ce su wane ne waɗannan, ba na wane? Wato sabon da yake nufi shi ne jarumin da ya sani cikin wata rigar. Na daina gardama da kowa, abin da aka tambaya nake turawa.

Su ma masu shirya fim ɗin ba wai basira ce babu ba. Harkar nan tun 1990 aka faro ta a Kano da kaset ɗin bidiyo, kuma mutanen da aka yi wa ita sun riga sun sha finafinan Indiya a silima shekara da shekaru, shi ya sa soyayyar mutum uku da auren dole da rawa da waƙa suka shigo tun da wuri, abin da ɗan kallo ya saba da shi ke nan. Aka koma faifai, satar fasaha ta kashe kasuwar, mutum ya zuba kuɗinsa kafin ya mayar an kwafe. Arewa24 ta zo a 2014 mutane suka saba da jiran shiri mako-mako, daga baya wajen lokacin korona kowa ya koma YouTube da mai dogon zango. A can kuma talla ce ke biya, iya yawan masu kallo iya abin da za ka samu, to wa zai ɗauki kuɗinsa ya yi gwaji da labarin da bai tabbatar za a kalla ba? In abu ya karɓu sai a yi ta jan sa kamar roba, abin da zai ƙare a kashi ashirin a kai shi zango biyar, a yi kashi guda cur mutum biyu na gaisawa a falo.

Ita ma wayar haka take, ka kalli abu ɗaya ta jero maka irinsa goma. Tana koyon halinka ne tana mayar maka.

Ɗalibi daga Dundaye:

Ni dai ku yi haƙuri ban yarda a wanke sabo tas haka ba. Hausawa da suka ce sabo turken wawa ba su yi ƙarya ba. Da girmamawa Baba Malam, misalin gindin waƙa ya yi, amma da yawanmu rayuwar tamu amshi ce zalla. Gida, shago, majalisa, gida. Mutane na tasowa tun daga Nijar da Adamawa su zo ziyarar Hubbaren Shehu, ga wanda aka haifa a Sakkwato yana da gemu bai taɓa shiga ba, kullum wucewa yake a kan babur. Gidan tarihi na Waziri Junaidu na nan cikin gari, tambayi abokanka mutum nawa suka taɓa leƙawa. Argungu ga ta nan kusa, bikin kamun kifinta tun 1934 ake yi lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, Turawa na zuwa daga ƙasashensu, mu sai dai a waya.

Kuma ni kaina ban tsira ba, sai in kwana ina murza TikTok awa biyu, kowane bidiyo sabo ne, da safe ka tambaye ni guda ɗaya ba zan iya tunawa ba. Wannan ma ai turke ne, igiyar ce kawai ta fi tsawo.

Ɗan Kabu-kabu, Runjin Sambo:

ku duk kun tafi da nisa, ku zo gidan ƙwallo ku ga amsa. Mutum 11 nan 11 can, minti 90, ƙungiyoyin nan dai da muka sani, amma ranar Asabar ko wurin tsayuwa babu ga zafi ga ƙarar janareta, saboda ba wanda ya san yadda za a tashi. Wa ya ce Leicester za ta ɗauki Firimiya a 2016? wa ya ce Maroko za ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar 2022? Amma a sa maka wasan jiya da ka riga ka san ci nawa ne, ko kyauta ba ka zama. Dambe ma haka, turmi uku ne kullum, kalangu ɗaya kirari ɗaya, sai ka ga ƙaramin yaro ya kai ƙato ƙasa fili ya ruɗe.

Ɗan Mabera:

Kai jama'a na gode, ban zaci abin zai kai haka ba. Baba Malam Allah ya saka da alheri, na karanta wa Inna naka ta ce a gaishe ka, wai kai ne ka san darajar tsofaffi, kuma wai in sa mata Narambaɗa a wayarta tunda abin ya zo da haka. Maman Biyu ke kuma ban karanta wa maiɗakina naki ba, musamman layin ƙarshe, kada a ɗora min binciken da ban ji ba ban gani ba.

Ɗalibi maganarka ta ɗan sosa ni, don ni ma Hubbare tun ina makarantar allo da aka kai mu rabona da shi. Yau da safe na ce bari in gwada, na je wurin mai shayi na zauna a ɗaya bencin na ce yau ba madara, a sa min citta da kanumfari. Mutumin ya tsaya da kofi a hannu yana kallona ya ce Alhaji lafiya dai ko gida, ashe tun da ya hango motata ya riga ya haɗa irin na kullum. Kunya ta sa na shanye duka biyun.

Gidan tarihin nan ana buɗewa ranar Asabar kuwa? Ina so in kai yara kafin a koma makaranta.