Idan WhatsApp ba ya karanta saƙonninmu, tarar dala miliyan 220 ta mece ce?

Ɗan Tsangaya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya ɗaure min kai. A saman kowace hira WhatsApp yana rubuta cewa saƙonni a kulle suke, babu mai iya karantawa ko saurare, har shi kansa kamfanin. To amma a watan Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare masu saye a Najeriya ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 a kan bayanan 'yan Najeriya. In ba sa ganin komai, me suka ɗauka har aka ci su tara? In kuwa suna gani, ke nan wancan rubutun yaudara ce? Sannan masu cewa a tattara a koma Telegram, da gaske ya fi tsaro? Don Allah masana a yi bayani dalla-dalla, har da inda mutum zai taɓa a wayarsa.

Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Duka biyun gaskiya ne, abin da ake magana a kai ne ya bambanta.

Ka ɗauka ka kai ƙunshi tasha ka ba direba ya kai wa ɗan'uwanka Zariya, ka sa masa kwaɗo, mabuɗin yana hannun ɗan'uwan naka. Direba ba zai buɗe ba. Amma ya san kai ka kawo, ya san wanda zai karɓa, ya san ranar da lokacin, ya ji nauyin kayan, in kuma kullum kake aikawa ya san tsakaninku akwai harka. Kullen WhatsApp kwaɗon ne. Tun Afrilun 2016 suka gama sa shi a kan duk saƙonni da kira, kuma ba su suka ƙirƙira ba, tsarin wata manhajar saƙo mai suna Signal suka ɗauka. Mabuɗan a wayarka da wayar wanda kake magana da shi ake ƙera su, ba sa zuwa na'urorin kamfani. Saƙon da bai isa ba yana zama a wurinsu a kulle har kwana 30, sannan a goge. A wannan ɓangaren masu binciken tsaro ba su kama su da ƙarya ba.

Abin da direba ya sani kuwa shi ne kasuwar. Lambarka, lambobin da ke cikin wayarka in ka ba da izini, samfurin wayar, kamfanin layinka, adireshin IP wanda ke nuna garin da kake ko kusa da shi, lokacin da kake hawa da sauka, sunayen guruf-guruf ɗinka da hotunansu, hoton fuskarka na furofayil. Duk waɗannan ba sa cikin ƙunshin. Wata takardar FBI da ta fito fili a 2021 ta nuna cewa da umarnin kotu WhatsApp na iya miƙa bayanin wa ya aika wa wa saƙo kusan kowane minti 15. Ba a ga abin da ka ce ba, amma an san da wa ka kwana kana hira.

Akwai kuma ƙofofi uku da abin da ke cikin saƙon kansa ke fita, kuma ba a ɓoye su ba, karantawa ce ba ma yi. In wani ya danna Report a kanka, saƙonninka biyar na ƙarshe a hirar suna tafiya wurin kamfani a buɗe, domin wayarsa ta riga ta buɗe su. In ka yi magana da Meta AI, wato manhajar nan mai amsa tambayoyi a cikin WhatsApp, da kamfani kake magana kai tsaye. In kuma ka yi hira da babban kamfani irin banki ko jirgin sama, sau da yawa saƙon yana sauka ne a na'urar da ma'aikata da yawa ke dubawa, wani lokaci ma Meta ce ke riƙe musu ita.

Abu biyu da za ka gyara yanzu: Settings, Privacy, Advanced, ka kunna Protect IP address in calls. Kiran mutum biyu yakan tafi kai tsaye daga waya zuwa waya don sauti ya fi kyau, wanda ke nufin wancan ɓangaren zai iya gano IP ɗinka. In ka kunna, kiran zai bi ta na'urorin kamfani, sauti zai ɗan ragu in sabis ba ƙarfi. A wurin dai akwai Disable link previews, shi ma ka kunna.

Barista ta amsa:

Injiniya ya gama da fasaha, bari in ɗora ta fuskar doka, domin mutane da yawa sun ɗauka an kama Meta tana karanta hira ne. Ko kaɗan ba wannan ba ne a takardar.

Tushen abin tsoho ne. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. A lokacin ya gaya wa hukumar Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun WhatsApp da na Facebook kai tsaye ba. A Agustan 2016 sai ga shi ya fara haɗa lambobin waya. A 2017 Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 110 kan ba da bayanin da ba daidai ba. Sai Janairun 2021 aka fito da sabuwar ƙa'idar sirri mai cewa ko ka amince kafin 8 ga Fabrairu ko ka bar manhajar. Hayaniyar da aka yi ta sa suka ɗaga zuwa 15 ga Mayu. A Satumbar shekarar hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci WhatsApp yuro miliyan 225 saboda bai fayyace wa mutane abin da yake yi da bayanansu ba.

Binciken Najeriya daga waccan ƙa'ida ta 2021 ya taso. Abubuwan da FCCPC ta riƙe su ne raba bayanan mutane ba da sahihin izini ba, hana su zaɓin cewa a'a, amfani da ƙarfin kasuwa wajen tilasta ƙa'ida, da kuma wanda ni na ga ya fi ciwo: bambanta 'yan Najeriya da Turawa, wato can a ba su kariyar da nan aka hana. Kotun sauraron ƙarar gasa da kare masu saye ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Kada dai wani ya zauna jiran rabonsa, tara ba diyya ba ce, asusun gwamnati take nufa. Abin da ke hannunka shi ne dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC: kana da haƙƙin tambayar kowane kamfani abin da ya tara a kanka, ka nemi gyara ko gogewa. A WhatsApp ka shiga Settings, Account, Request account info. Kwana uku yake ɗauka, sai a ba ka fayil. Ba hirarraki a ciki, amma ka buɗe ka ga irin sanin da direban Injiniya ya yi maka.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Ranki ya daɗe Barista, duk wannan haka yake, amma ku yi haƙuri, ana ta kallon Amurka alhali ɓarawon yana bakin ƙofa. Yawancin asirin da ke tonuwa ba kwaɗon aka fasa ba, mai gidan ne ya miƙa mabuɗi.

Na farko, ajiyar hira. Wayar Android tana tura kwafin hirarrakinka Google Drive, iPhone kuma iCloud, kuma wannan kwafin ba ya cikin wancan kullen sai ka kunna da hannunka. Tun Oktoban 2021 aka kawo zaɓin, amma a kashe yake zuwa. Settings, Chats, Chat backup, End-to-end encrypted backup. Za ka zaɓi kalmar sirri ko a ba ka mabuɗi mai harafi 64. Rubuta shi a takarda ka adana inda kake ajiye takardun fili. Kada ka ɗauki hotonsa ka bari a wayar, don ranar da waya ta faɗa ruwa tare za su tafi, kuma kamfanin ba shi da kwafi, babu wanda zai dawo maka da ko harafi ɗaya. Ka kuma tuna ajiyarka kaɗai ka kulle. Ta abokin hirarka in a buɗe take, maganarka tana ciki. Ga hira mai nauyi gara a sa saƙo mai gogewa da kansa, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Hotuna kuma in suna sauka galari, Google Photos na kwashe su, nan ma sun fita daga kulle.

Na biyu, lambar nan mai shida. Wani zai kira ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne ko na tallafi, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba ka karanto. Wannan lambar ita ce ta yi wa layinka rajista a wayarsa. Sabon salon ma ba sai ka karanta ba: za a ce ka danna wasu lambobi da suka fara da **21* ko **67* sannan wata lambar waya. Karkatar da kira ka yi ke nan, sai ya nemi WhatsApp ya faɗo lambar ta kiran murya, kiran ya sauka a wurinsa. Danna ##002# ka kira, yana soke duk wata karkatarwa. Maganin duka biyun: Settings, Account, Two-step verification, ka sa PIN mai lamba shida, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka.

In an riga an ƙwace, ka sake rajista da layinka, da zarar ka sa sabuwar lambar SMS an fitar da shi. In shi ɓarawon ya riga ka ya sa nasa PIN ɗin, sai ka jira kwana 7, amma shi ma a waje yake a tsawon kwanakin. Tsofaffin hirarrakinka ba zai gani ba, suna wayarka. Guruf-guruf da mutanen cikinsu zai gani, su zai bi da roƙon kuɗi da sunanka, don haka a sanar da jama'a da wuri.

Na uku, Linked devices. Ana iya haɗa na'ura har huɗu da asusu ɗaya, kuma minti ɗaya ya isa wanda ka ba aron waya ya haɗa kwamfutarsa, daga nan duk abin da ya shigo yana gani. Leƙa wurin lokaci-lokaci, abin da ba ka gane ba ka fitar da shi.

Na huɗu, GB WhatsApp da 'yan'uwansa, wato WhatsApp ɗin da ba kamfanin ne ya fitar ba. Mutum ya sa don ya ga saƙon da aka goge, bai san wanda ya sake ƙera manhajar ba, kuma a cikinta ake buɗe saƙon. Ga rufe layi da kamfanin ke yi wa masu amfani da ita.

Ɗan Tsangaya ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na kunna na ajiyar da PIN ɗin. Saura maganar Telegram. Sannan manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus fa, duk wannan zai hana?

Injiniya ya amsa:

Telegram ya fi daɗin babban guruf da tura manyan fayiloli, amma a sirri yana bayan WhatsApp. Hirarsa ta yau da kullum a na'urorin kamfani take zaune kuma suna da mabuɗin, shi ya sa kake shiga daga sabuwar waya ka tarar da komai. Kulle irin wanda muke magana sai ka buɗe Secret Chat da kanka, tsakanin mutum biyu, a na'ura ɗaya. Guruf da tashoshi ba su da shi sam. Bayan kama Pavel Durov, mai Telegram, a Faransa a Agustan 2024, sun gyara ƙa'idarsu cewa za su iya ba hukuma lambar waya da IP in an kawo umarnin shari'a.

Mai son rage abin da direba ya sani, Signal ne. Gidauniya ce ke riƙe da shi, Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, ya zuba mata dala miliyan 50 a 2018 bayan ya bar Facebook. Da kotu a Amurka ta nemi bayanan wani asusu a 2016, abin da suka iya bayarwa shi ne ranar buɗe shi da ranar da ya hau na ƙarshe. Tun 2024 kuma ana iya ba mutum sunan amfani maimakon lamba. Matsalarsa ɗaya, sai ka shawo kan mutanenka su sauke.

Pegasus wani aji ne daban. Wayar kanta yake kamawa, yana karanta saƙo bayan an buɗe shi, don haka babu manhajar da za ta tsira, har Signal. A 2019 an bi ta wata ɓaraka a kiran WhatsApp aka kai wa kimanin mutum 1,400 hari, ko ba a ɗaga kiran ba. WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila, mai ƙera Pegasus, ƙara kuma ya yi nasara. Kaya ne mai tsada da gwamnatoci ke saya don 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutuka. Wanda ke cikin wannan sahu ya riƙa sabunta waya da zarar sabuntawa ta fito, ya kunna Lockdown Mode in iPhone ce, ya bar wayar da kamfaninta ya daina turo mata gyaran tsaro.

Mai Gyaran Waya ya ƙara:

Na manta layi, alhali komai a kansa yake rataye. Sa wa SIM ɗinka PIN a saitin tsaron waya, don in an sace ba za a zare shi a sa a wata wayar a karɓi lambobinka ba, har na banki. Ka tabbatar da PIN na asali daga kamfanin layin kafin ka fara, kada ka yi ta canka: kuskure uku zai nemi PUK, wato lambar buɗe katin da ya kulle, kuskuren PUK goma kuma katin ya mutu, sai walkam-bak da NIN a hannu.

Layin da ka daina amfani da shi kuma ba naka ba ne har abada, in ya daɗe a kwance kamfani zai sake sayar da shi. Kafin ka jefar, ka shiga Settings, Account, Change number tun tsohon yana hannunka, ka zaɓi a sanar da mutanenka. In ba haka ba sabon mai layin zai iya tarar da kansa cikin guruf ɗin gidanku, kowa na yi masa magana da sunanka. A cire tsohuwar lambar daga Facebook da Gmail da banki ma, don can ake tura lambar sauya kalmar sirri.