Wasalin gado: sunan da nake so mu tsayar wa epigenetics

Jama'a, kwana uku ke nan muna kai da komo a kan sunan Hausa da za mu ba kalmar Turancin nan epigenetics, kuma ni na samu wadda ta kwanta mini. Amma bari in fara da abin da ake son a raɗa wa sunan, don ba a yi wa jariri suna ba a san ko mace ce ko namiji ba.

Ƙwayar halittar da ke fatar hannunka da wadda ke hantarka DNA ɗinsu, wato rubutun halitta da ke cikinsu, ɗaya ne: baƙaƙe kusan biliyan 3, ƙwayoyin gado (sassan rubutun masu ɗauke da umarni) wajen 20,000. To me ya sa wannan ta zama fata, waccan ta zama hanta? Saboda akwai alamomi da ke zaune a kan rubutun, su ke nuna wurin da za a karanta da wurin da za a tsallake. Mafi shahara a cikinsu ita ce metil, ɗan guntun sinadari da ke maƙalewa a baƙin C, ɗaya daga cikin baƙaƙe huɗu na DNA. Idan ya taru a bakin wata ƙwayar gado, yawanci sai ta yi shiru. Rubutun na nan yadda yake, karatun ne ya canja. Conrad Waddington, masani ɗan Birtaniya, shi ya ƙirƙiro kalmar epigenetics, wadda yanzu ake kiran wannan fanni da ita, a 1942, kuma "epi" a harshen Girka yana nufin bisa ko a kan abu.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ilimin gado". Malam, wannan suna yana da mai shi. Duk Bahaushen da ya ji shi, rabon dukiyar mamaci zai faɗo masa. Wata 'yar'uwa ta ce mu bi Girkancin sak, mu ce "bisa-gado". Na gane niyyarta, sai dai a rubutunmu ba ma nuna karin sauti, mai karatu zai ɗauka gadon kwanciya ake nufi. Akwai masu cewa a bar shi "efijenetik" kawai. Ba na ƙin aro, intanet ma aro ce. Amma intanet ana riƙe da ita a hannu, shi kuwa wannan ba a ganinsa, dole sunan ya ɗauki wani kaso na bayanin.

Tawa ita ce wasalin gado.

Ku dubi rubutun ajami ko na Larabci. Baƙaƙe uku, kaf da ta da ba. Sa musu wasali bisa, ka samu "kataba", ya rubuta. Canja wasalin, ka samu "kutiba", an rubuta. Ba ka goge baƙi ko ɗaya ba. Kuma wasalin yana zama ne a saman baƙi ko a ƙasansa, ba ya shiga cikin layi, wato ma'anar "epi" ta shigo da kanta ba tare da mun jawo ta da ƙarfi ba. Abin da ya ƙara burge ni shi ne muna da ɗauri, alamar da ke tsayar da baƙi ya ƙi motsi. Aikin metil ke nan a mafi yawan lokuta. Sai mu ce "ɗaurin metil" mu wuce.

Kalma sai an ɗora mata kaya ake sanin ƙarfinta, don haka na gwada ta a kan aikin masu binciken kansu.

Tsufa tukuna. A 2013 Steve Horvath na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya nuna cewa idan aka duba metil a gurabe 353 na DNA, ana iya ƙiyasta shekarun mutum da kuskuren 'yan shekaru kaɗan. Ga shi da Hausa: wasalin gado yana sauyawa da shekaru, har an yi agogo da shi. Agogon wasali. Ya shiga kunne lafiya.

Sankara kuwa, tun 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa ƙwayoyin sankara sun zubar da metil mai yawa. Daga baya aka ga ɗaya ɓangaren: ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne hana ƙari tsirowa, su ne ake ɗaurewa. An saki wanda ya kamata a ɗaure, an ɗaure mai gadi. A nan kalmar ta fi yi mini amfani, domin tana faɗa wa mai karatu abin da ya sa masana suka damu da fannin: baƙin da ya lalace gyaransa da wuya, wasali kuwa ana iya kankare shi. Maganin azacitidine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004 don wata cutar ɓargo, cire ɗaurin metil yana cikin aikinsa.

Sai fata, wadda rana ke dukanta kullum, kuma an ga wasalin fatar da ta sha rana ya bambanta da na wadda tufa ke rufewa. A 2007 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto ya ɗauki ƙwayoyin fatar mutum, ya zuba musu ƙwayoyin gado 4, ƙwayoyin fatar suka koma tamkar na ɗan tayi, masu iya zama kusan kowace irin ƙwaya a jiki. Ya share wasalin da ke cewa "ke fata ce". An ba shi kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon, wani masani ɗan Birtaniya.

Akwai inda kalmar ke ɗingishi, ba zan ɓoye ba. Wanda boko kaɗai ya iya, da ya ji wasali, a, e, i, o, u zai tuna, su kuwa a cikin layi suke. Sannan "gado" na iya sa a zaci alamomin duk daga iyaye ake karɓo su, alhali yawancinsu ana share su bayan shigar ciki, a sake ɗora sababbi. Shi ya sa a ambaton farko zan rubuta cikakke, wasalin ƙwayoyin gado, daga baya in gajarta. Fannin ya zama ilimin wasalin gado, mai aikin kuma masanin wasalin gado.

Saura histon, furotin ɗin da zaren DNA mai tsawon kusan mita 2 ke nannaɗe a jikinsa cikin kowace ƙwaya. Ni "ƙwaryar zare" nake tunani, irin ta keken ɗinki. Masu wata ku kawo.