Aikin haihuwa karo na uku: wa ke da shawara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce za a yi wa aiki karo na uku. A na biyun likita ya ce ya tarar da ciki ya manne, an daɗe kafin a kai ga jaririn. Don Allah akwai irin yanka ko ɗinkin da ke hana wannan?

Hajiya Umma: Wa'alaikumus salam. Ni dai na ji in ba a ɗinke tantanin ciki ba, shi ke jawo shi. Ta ce a ɗinke mata kawai.

Dakta: Hajiya, ina ma da sauƙi haka. An gwada wannan a wani babban bincike, CORONIS, da ya fito a 2013. Mata kusan 16,000 ne a ƙasashe 7, har da Ghana da Sudan. An kwatanta ɗinke tantanin da barinsa, ɗinkin mahaifa layi ɗaya da layi biyu, har irin zaren. Ba a ga wani bambancin a zo a gani ba, haka ma da aka sake bibiyar matan bayan shekara 3. Ni abin da na fi sa wa ido shi ne hannun mai aikin. Kada a yi ta dirzar hanji da busasshen ƙyalle, a tsayar da jini sosai, a kwashe gudaji, a ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta minti 30 zuwa 60 kafin a sa wuƙa. Ciwon da ya yi ruwa ya fi barin mannewa. Sannan yawan aikin kansa, kowane ɗaya ƙari yake yi.

Sista Rabi: Gaskiya ne Dakta. A ƙara da safar hannu mai hoda, ita ma tana jawowa. Amurka ta hana ta tun ƙarshen 2016, mu kuwa har yanzu tana kasuwa.

Maman Abba: To ledar nan da ake shimfiɗawa a ciki lokacin aiki don hana mannewa fa? An ce tana da tsada amma tana yi.

Dakta: Tsadar dai tabbas. A aikin haihuwa an gwada ta, ba ta nuna amfani ba. Ta adana kuɗinta.

Maman Ilham: To yanzu me za mu yi?

Dakta: Asibitin da ke da ma'ajiyar jini da ƙwararren likitan mata, don mafitsara kan manne da mahaifa, a ji mata rauni wajen shiga. A yi hoto a ga inda mabiyiya ta zauna, kada ta kasance a kan tsohon tabo. A sa rana, kada ta jira naƙuda a gida. Ta kuma kawo bayanin aikin baya.

Maman Ilham: Takardar ta ɓace da suka tashi gida.

Sista Rabi: Ta koma asibitin da lambar katinta, ɗakin fayil za su nemo mata. Ku kuma fara neman masu ba da jini tun yanzu, Anti, ba ranar aikin ba.