Neman kalmar Hausa: yaron da ake kira "gifted", haziƙi ne ko mai baiwa?

1/ Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. Ina neman mu tsayar da kalma ɗaya da za mu riƙa amfani da ita a littattafan horar da malamai da kuma labaran rediyo idan ana maganar yaron da ake kira "gifted" da Turanci, tare da sunan shirin da makarantu ke ware masa. A halin yanzu kowa da tasa: wani ya ce haziƙi, wani ya ce mai baiwa, wani ya ce mai kaifin basira, wani kuma ya jera su duka a jimla ɗaya kamar babu bambanci a tsakaninsu. Ni ina goyon bayan "mai baiwa" ga yaron, da "shirin renon baiwa" ga tsarin makarantar, kuma ga hujjojina.

2/ Sai mun fara sanin abin da masu kalmar suke nufi da ita, domin su kansu ma'anar ta yi ta sauyawa a hannunsu. A 1916 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da gwajin auna kaifin ƙwaƙwalwa mai suna Stanford-Binet, sannan a 1921 ya fara bin diddigin rayuwar yara kimanin 1,500 na jihar Kalifoniya waɗanda suka fi kowa maki a gwajin. A lokacin, maki kaɗai ke tantance yaro. Sai dai cikin yaran da aka gwada aka ajiye gefe saboda makinsu bai kai ba, akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowannensu ya karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, na farko a 1956, na biyu a 1968, alhali babu ko ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun da ya kai ga wannan kyauta.

A 1972 kwamishinan ilimi na Amurka, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisar dokokin ƙasar rahoton da ya faɗaɗa ma'anar zuwa fannoni shida: kaifin tunani gaba ɗaya, fice a wani darasi na musamman, ƙirƙirar sabon abu, jagoranci, zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, da kuma sarrafa gaɓoɓin jiki. Abin da ya fi muhimmanci gare mu a rahoton shi ne cewa ya haɗa yaron da ya riga ya nuna abin da ya iya da wanda abin ke ƙunshe a jikinsa bai bayyana ba tukuna, kuma ya ce dukansu suna buƙatar koyarwar da ta bambanta da wadda ake yi wa kowa a aji. Duk kalmar da za mu zaɓa, wajibi ne ta ɗauki wannan yaro na biyu.

3/ A nan ne nake ganin "haziƙi" ta gaza, duk da cewa kalma ce mai kyau, kuma ita ce ta fi yawo a bakin jama'a, har makarantar da Jihar Jigawa ta gina a Bamaina ake kiranta makarantar haziƙai. Mu lura da yadda muke furta ta. Haziƙin ɗalibi shi ne wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa, wanda aka kira sunansa ranar raba kyaututtuka, kuma muna cewa haziƙin ma'aikaci ko haziƙin soja muna nufin mai ƙwazo da himma. Yabo ne da ake yi bayan an ga aiki a ƙasa.

To, yaron da yake gama aikin aji kafin malami ya gama rubutu a allo, daga nan ya shiga tsokanar na kusa da shi saboda ba shi da abin yi, ko yarinyar da take jefo tambayar da ba ta cikin darasin ranar har a ce mata ta cika iyayi, babu wanda zai kira su haziƙai. Sunayen da suke samu su ne mai ƙiriniya, mai surutu, marar jin magana, kuma sau da yawa sakamakonsu na ƙarshen zango tsaka-tsaki ne domin sun daina kula da karatun da ba ya ƙara musu komai. Leta Hollingworth, wadda ta yi aiki da irin waɗannan yara a makarantun birnin New York tun shekarun 1920, ta lura cewa yaron da ya yi wa sa'o'insa nisa sosai yana ɓata babban kaso na lokacinsa a ajin gama-gari, kuma yakan sha wahalar samun abokan da za su fahimce shi. Idan muka gaya wa malamin firamare ya kawo mana sunayen haziƙan ajinsa, zai buɗe rajistar maki ya kwafo ukun farko, wannan yaro kuwa ya zauna a inda yake. Wannan ita ce babbar damuwata, domin kalmar da ke cikin takardar umarni ita ce ke nuna wa malami inda zai duba.

4/ Sauran kalmomin ba sa buƙatar dogon bayani. Gwani matsayi ne da ake kaiwa bayan shekaru na wahala, kamar yadda tsangaya ba ta ba mutum wannan suna sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma ƙware a kansa. Fasihi ya fi karkata ga harshe da waƙa. Basira kuwa kowa yana da rabonsa a cikinta, wani ya fi wani.

5/ "Baiwa" ta fito daga bayarwa, wato abin da aka ba mutum ba tare da ya yi wahalar nemansa ba, kuma hakan ya yi daidai da kalmar Turancin da kuma ta Larabci, inda ake cewa mauhiba ga baiwar, mauhub ga yaron. Ba ma buƙatar koya wa kowa ita, domin Bahaushe ya daɗe yana cewa Allah ya yi wa wane baiwar murya, ko baiwar zane, ko baiwar lissafi, wanda ke nuna cewa kalmar tana karɓar kowane fanni daga cikin shidan da na ambata ba tare da an tilasta mata ba. Akwai kuma wani amfani na biyu. Masanin nan na ƙasar Kanada, Françoys Gagné, ya raba tsakanin ikon da aka haifi yaro da shi da ƙwarewar da wannan iko ke zama bayan horo da juriya da samun yanayi mai kyau. Hausa tana da kalmomin biyu a shirye: baiwa ga na farko, gwaninta ga na biyu. Saboda haka inda takardun hukuma ke haɗa kalmomin Turanci biyu, wato "gifted" da "talented", mu sai mu ce "yara masu baiwa da gwaninta".

6/ Wata malama daga Maraɗi ta rubuto cewa a wajensu idan aka ce wane yana da baiwa, abin da ke zuwa wa mutane shi ne mai ba da magani ko mai ganin abin da ke ɓoye, ta kuma ƙara da cewa a rubuce kalmar ɗaya ce da baiwa macen bawa. Malama, na gode, kuma maganarki tana kan hanya. Batun rubutu mai sauƙi ne, domin karin sauti ya raba su a baki, jimla kuma tana raba su a takarda. Batun magani ya fi nauyi, shi ya sa nake ba da shawarar cewa a farkon ambato a riƙa ɗaure kalmar da fanninta, a ce baiwar karatu ko baiwar lissafi, daga baya a sake ta ita kaɗai. Ku ma a Nijar kun ga yadda Faransanci ya yi fama da wannan suna, inda masana da yawa suka koma kiran yaron mai babban iko da ke jiran bayyana, saboda tsohuwar kalmar tana sa a ɗauka cewa ya riga ya gama komai.

7/ Wannan ya kai ni ga rabin sunan na biyu, wato "reno". Haɗarin da ke cikin kalmar baiwa shi ne iyaye su ɗauka cewa abin da Allah ya bayar ba ya buƙatar aiki. A binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998, yaran da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi guje wa aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya idan sun faɗi, in aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Uban da ke kiran ɗansa gaban baƙi ya yi musu lissafi don a yi mamaki, da uwar da ke ɓoye abin da 'yarta ta iya don tsoron baki, dukansu ƙauna ce ke motsa su, amma babu wanda ya ba yaron abin da ya fi buƙata, wato aikin da zai ba shi wuya daidai ƙarfinsa, da babban mutum da zai saurari tambayoyinsa ba tare da ya tsawatar masa ba. Reno aiki ne na kullum da ke kan babba, kuma mai reno ya san cewa abin da ke hannunsa yaro ne, mai buƙatar wasa da barci da kwaɓa kamar kowane yaro. Idan muka ce "shirin masu baiwa" mun sa ido a kan yaran da aka ware, idan kuwa muka ce "shirin renon baiwa" mun ɗora nauyin a wuyan makaranta da gida.

8/ Wani malami ya tambaya ko shirin kansa yana da amfani a ƙasar da aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da kima. Malam, ina ganin yana da shi, amma da sharaɗi. Manufar ilimi ta ƙasa a Nijeriya ta sanya waɗannan yara cikin masu buƙata ta musamman tun 1977, kuma akwai makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Suleja a Jihar Neja wadda aka keɓe musu, inda hukumar NECO ke shirya jarrabawar shiga. Matsalar ita ce wa ke isa zauren jarrabawar. Ɗan ƙauyen da iyayensa ba su taɓa jin labarinta ba, wanda Turancinsa bai nuna ba duk da cewa kansa na ja, ba ya cikin lissafi tun daga farko. Amurka ma ta ga haka. Lokacin da gundumar Broward a jihar Fulorida ta fara gwada kowane yaro na aji biyu a 2005, maimakon jiran malami ko iyaye su kawo suna, adadin 'ya'yan baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci da aka gano ya ƙaru ƙwarai, kamar yadda binciken David Card da Laura Giuliano ya nuna. Yaran suna nan tun da, hanyar neman ce ba ta biyo ta kansu ba. Don haka darajar shirin tana ga faɗin ƙofarsa, kuma makarantar kwana guda ɗaya, komai kyanta, ba za ta wadatar ba sai an koya wa malamin aji yadda zai gane yaron tun yana firamare, cikin harshen da yaron ke tunani da shi.

9/ Saura kalmomi biyu na cikin shirin. Hanya ta farko ita ce a matsar da yaro gaba da sa'o'insa, abin da iyayenmu suka sani da dabal furomoshan. Ina ba da shawarar "tsallake aji" idan ajin gaba ɗaya ne, da "hanzarta darasi" idan a fanni ɗaya ne kawai, misali yarinya 'yar aji huɗu da ke zuwa aji shida a lokacin lissafi ta dawo cikin ƙawayenta a sauran darussa. Hanya ta biyu ita ce a bar shi a ajinsa a ba shi aikin da ya fi zurfi, kuma a nan na fi son "zurfafa karatu" a kan "ƙarin darasi", domin da zarar an ce ƙarin darasi iyaye za su fahimci lesin na yamma, malami kuma zai ba yaron tambayoyi 40 irin waɗanda ya riga ya iya a madadin 10, wanda hakan ke sa yaro ya koyi ɓoye saurinsa. Malaman da ke koyarwa a kwalejojin ilimi, ina roƙon ku gwada waɗannan kalmomi a kan ɗalibanku a wannan zangon, ku faɗa mana wadda suka fahimta ba tare da ƙarin bayani ba.