Lauyoyi ku taimaka: dole ne ɗiyata ta bi addu'ar asambuli?

Baban Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune unguwar Mabera cikin Sakkwato, ɗiyata tana aji 4 na firamare a wata makarantar kuɗi ta coci, mun sa ta can ne don gaskiya karatunsu na da kyau kuma kusa da gida take. Shekara biyu ba mu taɓa samun matsala ba, in anka zo wurin addu'a ɗiyan Musulmi aji suke shiga. To wanga zangon anka kawo sabuwar hedimasta, ta ce kowane yaro sai ya tsaya asambuli har ƙarshe, ya rufe ido ya bi addu'a da waƙoƙin. Ranar Talata yarinyar ta dawo ko jaka ba ta aje ba ta zauna bakin ƙofa tana kuka, gwiwoyin wandonta duk ƙasa, wai an sa ta durƙuso cikin rana don ba ta buɗe baki ba. Da na je sai hedimasta ta ɗauko fom ɗin da na sa wa hannu lokacin shiga, ta ce ai na amince da dokokin makaranta. Ni ba rigima nake nema ba, duk mun san abin da rigimar addini ke jawowa garin ga. So nake in san mi doka ta ce.

Abu Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Malam cire ɗiyarka kawai. Makarantarsu ce, da kuɗinsu sunka gina, ba ka shiga gidan mutum ka ce ya canza tsarin gidanshi. Ga makarantun Islamiyya masu boko nan birjik.

Lauya Arkilla:
Malam Abu, cirewa zaɓi ne amma maganar ba ta tsaya nan ba. Baban Husna, Allah shi huci zuciyarka. Ka nemi kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 38. Ƙaramin sashe na 1 shi ne ya ba kowa 'yancin addini. Na 2 shi ne naka: ya ce duk wanda ke zuwa wani wurin karatu ba za a tilasta mashi ɗaukar darasin addini ko shiga wata ibada ko ma halartarta ba, matuƙar ba addininshi ba ne ko ba wanda iyayenshi ko mai riƙonshi sunka amince da shi ba. Ka lura, wurin karatu ya ce, bai ware makarantar gwamnati da ta kuɗi ba.

Abin da makarantar za ta riƙe shi ne ƙaramin sashe na 3, wanda ya ce ba a hana wata al'ummar addini koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Wannan haƙƙinsu ne kuma ni ina kare shi, don shi ne dai ke kare Islamiyyunmu a Inugu da Fatakwal. Amma a karanta shi da kyau, ɗaliban wannan al'ummar ya ce, wato ɗiyan coci. Husna ba ta cikinsu. Su yi addu'arsu ba mai hana su, abin da ba su da shi shi ne ikon jawo ta ciki. Batun fom kuwa, lauyansu zai ce sa hannunka amincewar uba ce, shi ya sa nake son ka karanta shi layi layi, in "dokokin makaranta" kawai anka rubuta ba a ambaci ibada ba, a fahimtata hujjarsu ba ta da ƙarfi, balle ga shekara biyu da sunka yi suna barin yaran su shiga aji.

Kada wani ya kawo maka hukuncin hijabi ya ce an gama magana. Gaskiya ne a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 cikin 7, ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a Legas, amma shari'ar kan makarantun gwamnati anka yi ta. Kuma ka duba tsawonta, Babbar Kotu ta yanke a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke a 2016, sai 2022 anka kai ƙarshe. Sashe na 46 ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu, amma ni shawarata ka fara da takarda. Ka rubuta wa hedimasta da hukumar makarantar cikin ladabi cewa kai uba ba ka amince ba, ka ambaci sashen, ka aje kwafi. In sun ƙi, akwai Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Maman Joy:
Sannu Baban Husna, wallahi na ji zafin abin nan har raina, don ni ma uwa ce. Ni 'yar Zuru ce, shekara da shekaru muna Sakkwato. Ɗana yana JSS 2 a makarantar gwamnati, babu malamin CRS (darasin addinin Kirista) ko ɗaya, in lokacin IRS (darasin addinin Musulunci) ya yi ko ya zauna a ajin ko ya fita ya tsaya gindin dogon yaro shi da yara uku har a buga ƙararrawa. Ba wanda ya taɓa dukansa, ba zan yi ƙarya ba, amma ranar jarrabawa gurbin addini a katinsa fayau yake dawowa, hakan na ja masa matsayi baya. Barista, mu kuma ina muka tsaya?

Lauya Arkilla:
Maman Joy, sashen da ke kare Husna shi ke kare ɗanki, ba mai tilasta mashi zama ajin IRS. Naki ma ya fi ƙarfi ta wani gefen, don makarantar gwamnati ta kowa ce, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda addininshi. Inda ke da wuya shi ne tilasta a kawo malami, sashe na 38 bai faɗi haka ba, sashe na 18 mai maganar daidaiton damar ilimi kuma yana Babi na 2 wanda kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. Amma a rage ma yaro maki don darasin da ba a koya mashi ba, wannan ki kai shi gaban firinsifal a rubuce, ke da iyayen sauran yaran uku, ku nemi a daina lissafa gurbin ko a yarda wani ya riƙa zuwa yana koya masu.

Baban Husna:
Na gode ƙwarai Barista, Allah shi saka da alheri. Na duba fom ɗin daren jiya, maganar yunifom da kuɗin makaranta da makara ce kawai, babu ibada ciki. Na yi magana da iyaye biyu da ɗiyansu ke ajin su Husna, mun shirya Litinin mu kai takardar tare. Maman Joy, in mun gama rubutawa zan turo maki kwafi ki canza abin da ya dace ki kai taki.