Muhawara: Shin lokaci ya yi da masu fodkas za su bar MP3 su koma Opus?

Mai shirin noma, Bukuru: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne mu da muke shirya fodkas na magana zalla a Jos mu daina fitar da shirye-shiryenmu a MP3, mu koma Opus, wato wata hanyar matse fayil ɗin sauti don ya rage girma, domin masu sauraronmu da guminsu suke sayen data. Shirin awa ɗaya da aka matse a kan kilobit 128 cikin daƙiƙa yana kaiwa kusan megabait 58, alhali Opus a kan kilobit 32 bai cika megabait 15 ba, kuma muryar tana fita tas. Da Opus ne WhatsApp yake matse saƙon murya, ban kuma ji wanda ya ce ya kasa gane muryar mahaifiyarsa a ciki ba. Tun 1993 MP3 yake, shi kuwa Opus a 2012 ya fito, an kuma gina wani ɓangarensa a kan fasahar da Skype ta ƙera domin muryar ɗan Adam.

Injiniyan sauti, Rayfield: Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, sai dai ka auna MP3 a inda ya fi nauyi. Kilobit 128 na kiɗa ne da sitiriyo, wanda hira ba ta buƙata. Idan ka mayar da muryar mono, wato layin sauti ɗaya, ka ba LAME, manhajar matse MP3, ya matse ta a kan 64, a cikin manhajar tace sauti ta Audacity ma, awa ɗaya za ta tsaya a wajen megabait 29. Ratar ta koma ninki biyu ke nan, ba huɗu ba. Ban musa cewa Opus ya fi ƙwarewa a ƙaramin ma'auni ba, amma tambayata ita ce wace na'ura za ta buɗe shi. Apple Podcasts MP3 ko AAC yake nema. Babbar matsalar ma tana nan gida: manomin da kake yi wa shiri yakan kai mimorinsa wurin masu tura waƙa da wa'azi a kasuwar Taminus, ya sa a ƙaramar waya mai madannai ko rediyon mota, kuma akasarin waɗannan na'urori MP3 kaɗai za ka iya dogara da shi a kansu.

Mai shirin lafiyar iyali, Anguwan Rogo: Injiniya, na yarda da batun na'urori, amma kada mu wanke MP3 gaba ɗaya. Da zarar an sauko da shi ƙasa da 64, saman sautin yake fara yankewa, a nan kuwa "s" da "sh" da "ts" suke zaune. Shirin da ake ambaton tsutsar ciki da shawara da sunayen magunguna ba zai jure wa wannan ba, don kuskuren ji a wurinmu yana iya zama kuskuren magani. Me ya sa ba ku kawo AAC, ɗayar hanyar matse sauti, ba?

Injiniyan sauti: Hajiya, AAC, wanda ya fito a 1997, ya fi MP3 tsabta idan ma'auninsu ɗaya, kuma wayoyin zamani duk suna buɗe shi, amma a tsofaffin rediyon mota shi ma yakan gamu da irin cikas ɗin da na ambata.

Mai tace shirye-shirye, Farin Gada: Da izinin manya, ina ganin ɓarnar tana faruwa tun kafin a zo zaɓen da kuke jayayya a kai. Baƙo ya aiko da amsarsa ta saƙon murya, wanda an riga an matse shi, mu tace mu fitar a MP3, sannan mu ɗora a YouTube ya sake matsewa. Kowane zagaye yana zubar da abin da ba ya dawowa, kamar fotokwafin da aka yi daga fotokwafi. Ya kamata a ɗauki muryar a WAV, wato sautin da ba a matse ba, a yi duk gyara a kansa, a matse sau ɗaya a ƙarshe, ko da yake awa ɗaya ta mono tana cin fiye da megabait 300.

Mai shirin noma: Ƙanena, ba ni da ja a kan wannan, amma bai rushe maganata ba. Idan asalin yana hannu, FFmpeg, manhajar sauya fayilolin sauti, zai fitar da kwafi biyu cikin mintuna kaɗan: MP3 domin manhajoji da masu mimori, Opus domin masu karɓa ta WhatsApp. Mai karɓar shiri huɗu a wata zai tsira da kusan megabait 58, ko a lissafin Injiniya.

Injiniyan sauti: To, Malam, daga "mu daina MP3" ka sauko zuwa "mu yi biyu", kuma wannan zan iya zama da shi. Sharaɗina shi ne a yanko minti biyu daga shirin Hajiya, a matse shi ta hanyoyin uku, wato MP3 da Opus da AAC, a ɓoye sunayen fayilolin, a saurara ta sifikar ƙaramar waya, ba ta manyan sifikun situdiyo ba. Hajiya, ki zaɓo mana wurin da sunayen magunguna suka fi yawa.