A-kori-kurata tana shan baƙin mai, ko ringi ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai. Ina da a-kori-kura mai injin gas, da ita nake dakon albasa daga Aliero zuwa Birnin Kebbi. Tun bayan damina, duk kilomita 1,500 sai na ƙara baƙin mai lita ɗaya. Ba ta yoyo, har kwali na shimfiɗa ƙarƙashinta ta kwana. Da safe dai salansa na fitar da shuɗin hayaki, in ta ɗau zafi ya ɗauke. Wani makanike a Jega ya ce ringi ne, wato zobban fistin da ke cikin inji, a sauke inji. Wani ya ce tobo ne, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Sauke inji kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don Allah, lita nawa lafiyayyen inji ke sha tsakanin juyen baƙin mai da na gaba? Yaya zan gane mai laifin kafin a kwance?